Rawar Gidan Gajere

Kona, 9 ga Oktoba 2022

Zuwa ga Yaya Muniru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikinka da sanyin ƙasar da kake. Mu nan alhamdu lillahi. An gama yankan gero, bana ba laifi, wake ne kawai tsutsa ta taɓa.

Na san sai ka yi tunani kafin ka gane ni. Ni ce Kadijatu ɗiyar Sa'adiya ta Kona, wadda ke koyarwa a lekol, makarantar garinmu. Kakana Mamudu da kakarka Hawwa uwa ɗaya uba ɗaya suke, 'ya'yan Gajere. Rabona da kai tun rasuwar babanka Rayyanu a Mayahi, kana ɗan sakandare a lise, ka ƙi cin tuwo ka koma bayan rumbu ka zauna. Goggo Rukaiya ce ta ba ni lambarka a wurin wani suna. A takarda nake rubutawa in ɗauki hotonta, in na shiga Tasawa ranar kasuwa, inda rezon waya ke da ƙarfi, in aiko maka. Ban iya faɗin maganar nan da baki, katangar gidanmu ba ta riƙe murya.

Abin ya kama Yaya Lurwanu, wana. Ka san wanzanci ya gada wurin babanmu, kuma shekara ashirin da biyar askarsa ba ta taɓa kuskure ba. A watan azumi yana yi wa wani dattijo aski a gindin itacen bedi, sai kafaɗarsa ta yi tsalle ita kaɗai, aska ta tsaga kunnen mutumin. Dattijon ya dafe wurin da hularsa ya ce, "Ba komi, Lurwanu, ƙaddara ce." Amma bai sake dawowa ba. Yanzu ko askin suna ba a kiransa, wa zai miƙa masa jariri?

Ni tun kafin nan na gane. Yatsunsa na motsi kamar mai jan tasbahar da babu. Haka Inna ta fara, haka aka ce babanka ya fara. Rawar gidan Gajere, kamar yadda mutane ke faɗi in sun zaci ba mu ji. Wasu su ce iska, wasu su ce sammu ne tun na kakanni. An sha rubutu, an yi hayaƙi. A likita, wato asibiti, an ba shi ƙwayoyin da ke sa shi barci, in ya tashi rawar na nan.

Goggo ta ce shekara goma sha huɗu kana Faransa kana bin diddigin wannan ciwon. To Lokotoro, kai da ka yi karatun likita, ka faɗa mini gaskiya. Mi ne ne shi? Yana da magani? Ina da ɗiya ɗaya, Kausar, shekararta goma sha biyar, kuma in tana barci da rana nakan tsaya in duba yatsunta.

Ƙanwarka,
Kadijatu

Lille, 2 ga Nuwamba 2022

Zuwa ga Kadijatu,

Wa alaikumus salam. Na gane ki sarai, ke ce kika kawo mini ruwa a moɗa bayan rumbun nan, kika tsaya sai da na sha. Lafiyata ƙalau. Ki gaida Yaya Lurwanu da jiki, ki gaida Kausar. Kin ga ni ma na ɗauko bik da takarda, rabona da rubuta Hausa da hannu har na manta.

Ba iska ba ne, ba sammu ba ne. Likitoci na kiransa ciwon Huntington, kuma akwai shi a ƙasashe da yawa. Gado ne. In uwa ko uba na da shi, kowane ɗa yana tsakanin biyu, ko ya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi. Wanda ya tsira, zuriyarsa ta tsira.

Ga yadda yake. A jikin kowa akwai wasu sinadarai da ake ce wa furotin, su ke yin aikin cikin jiki. Kowane ɗaya kamar zare yake, yana da yadda yake naɗewa. A gidanmu akwai guda ɗaya da ake haihuwarmu da shi ya yi tsawo fiye da kima. Ba ya naɗuwa daidai, sai ya riƙa cuɗewa da 'yan uwansa yana yin gudaji cikin ƙwaƙwalwa, kamar tuwon da ba a tuƙa da kyau ba. Shekara talatin ko arba'in gudajin na taruwa shiru, sannan wurin da ke riƙe da motsin jiki ya fara mutuwa. Abin da na gani ke nan ina yaro, lokacin da ake ɗaure Baba da rawaninsa a jikin turke don kada ya faɗa murhu. Tun ranar nake neman abin da ya yi masa haka.

Aikina shi ne in hana gudajin haɗuwa. Sinadari sama da dubu biyu muka gwada a labo, ɗakin gwajinmu, duk a banza. Amma bana mun samu ɗaya. Muna da ɓeraye masu ɗauke da ciwon, waɗanda ba su iya tafiya a kan siririn itace sai su faɗo. Waɗanda muka ba shi wata uku, jiya na tsaya ina kallo suna ƙetare itacen har ƙarshe. Kadijatu, na samu abin da nake nema. Sai da na fita waje na zauna a kan matakala, don kada abokan aiki su ga idona.

Ki riƙa dama masa kunu mai kauri, ruwa tsararo ya fi shaƙe su. Ki ɗauke masa asake.

Yayanki,
Muniru

Kona, 11 ga Disamba 2022

Yaya Muniru,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, yara na shirin jarrabawa.

Allah ya yi maka albarka! A tashar Tasawa na buɗe wasiƙarka, na karanta har mota ta kusa tafiya ta bar ni. Ina isa gida ko mayafi ban cire ba na karanta wa Yaya Lurwanu. Da na zo wurin da ka ce ka samu abin da kake nema, ya ce, "Sake karanta wurin." Sau uku na maimaita. Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa tun kafin salla. Ya ce, "Ashe ɗan Rayyanu ba yawo ya tafi ba. To in ɓera ya ƙetare itace, ni mi zai hana ni riƙe aska?"

Washegari ya sa matarsa ta fito masa da zabira. Na hana, ya ce ba aski zai yi ba, wasawa kawai zai yi don kada su yi tsatsa kafin maganin ya iso. Ya yanke a yatsa biyu amma bai damu ba. Maganar ta zaga dangi. Daga Isawan wata jikar Gajere ta aiko a tambaye ka ko zai isa har da mijinta, na ce mijinta ai ba jininmu ba ne, nasa ciwon daban.

Yanzu ka faɗa mini, ƙwaya ce ko allura? Wa za ka ba ya kawo? In sai an ajiye shi a wuri mai sanyi, na yi magana da majo, mai kula da likitar Kona, ya ce akwai wuri a firjin allurar yara.

Kadijatu

Lille, 19 ga Maris 2023

Kadijatu,

Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da jinkiri, da kuma wannan da na buga a ordinato, wato kwamfuta.

Ba ki fahimce ni ba, kuma laifina ne. Babu magani. Abin da ya yi aiki a ɓera ba a ba mutum shi. Sai an gwada ko yana da guba, sannan a gwada a manyan dabbobi, sannan a mutane kaɗan. Shekara goma ke nan ko sha biyar, in komi ya tafi daidai, kuma galibin irinsa a hanya suke mutuwa. Da na ce na samu abin da nake nema, ƙofa nake nufi, ba ɗaki ba. Yaya Lurwanu ba zai ga wannan maganin ba. Bai kamata in rubuta miki cikin murna ba.

Ki faɗa masa. Ki karɓe asaken.

Muniru

Kona, 16 ga Afrilu 2023

Yaya Muniru,

Gaisuwa. Muna cikin azumi da zafi, Allah ya karɓa mana.

Wata uku ina zuwa Tasawa ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, sannan ka aiko mini da layi goma da inji ya buga, kamar takardar da ke zo mana daga ofishin sufeton makarantu. Ko sunan Kausar babu. In kunyar danginka na ƙauye kake ji, ko mun cika ka da roƙo, ka faɗa a fili.

Ka ce in faɗa masa. Kai ka zo ka faɗa masa. Na shiga ɗakinsa da niyyar haka, na tarar ya jera asake a kan fata suna ƙyalli, ya ɗago ya ce, "Kadi, an aiko?" Kansa na kaɗawa, harshensa ya fara nauyi. Na ce, "Yana hanya, Yaya." Abin da na faɗa ke nan, kuma Allah ya gani da azumi a bakina.

Kai kana da shekara goma sha biyar na jira. Ka san mi wata ɗaya ke yi masa? A Disamba yana zuwa masallaci da sanda. Yanzu sai an riƙe shi. Jiya ya jefi matarsa da kwano, mutumin da ko akuya bai taɓa duka ba, ya koma yana kuka yana ba ta haƙuri.

Tambaya ɗaya gare ni, in kana da lokacin amsawa. Tunda ka ce rabi da rabi ne, akwai awon da zai nuna ko ina ɗauke da shi? Ba don kaina ba. Ina so in san ko in daina duba yatsun yarinyar nan.

Kadijatu

Kona, 24 ga Satumba 2023

Yaya Muniru,

Assalamu alaikum. Damina ta yi gardama a farko amma ta gyaru. Ban san ko kana lafiya ba, wayata dai ta nuna ka buɗe wasiƙata tun ranar da na aiko.

In kalamaina sun yi zafi ka yafe mini, gajiya ce. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ko layi ɗaya ne.

Yaya Lurwanu ya kwanta. Mun sauke shi daga gado zuwa katifa a ƙasa, mun kewaye bango da buhunan ƙaiƙayi don kada ya fasa gwiwar hannu. Yana ci kamar mutum biyu yana ramewa kamar kara. Cokali ɗaya na kunu sai mu jira ya haɗiye, wani lokaci har a ƙirga ashirin.

Da aka yi juyin mulki a Yamai aka ce jiragen Faransa sun daina sauka, sai na samu abin faɗi. Duk ranar kasuwa in na dawo ya zuba mini ido, in ce hanya ce a rufe, maganin na can ya maƙale. Kowa a ƙasar nan addu'a yake a buɗe iyaka, ni kaɗai ce ke tsoron ranar.

Kadijatu

Kona, 14 ga Janairu 2024

Muniru,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Lurwanu ya rasu ranar Talata da hantsi. Fura ce ta shaƙe shi, ta sauka a huhu, ya yi kwana huɗu da zazzaɓi. An kai shi kusa da Inna. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar.

Na sanar da kai ne don haƙƙin zumunci. Ba zan sake damunka ba.

Kadijatu

Lille, 4 ga Fabrairu 2024

Ƙanwata Kadijatu,

Allah ya jiƙan Yaya Lurwanu, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya ba ku haƙuri. Ki yi wa matarsa da yara ta'aziyya a madadina. Wasiƙu uku kin aiko, har kin tambayi lafiyata, ban amsa ba. Yau zan amsa.

A Janairun bara, bayan wasiƙarki ta murna, ina aiki a labo. Akwai wani faranti mai ƙananan ramuka casa'in da shida da muke ɗiga ruwan gwaji a ciki, ɗigo ɗaya a kowane rami. Aikin da nake yi ko ido rufe. Ranar sai na ga ina ɗigawa a gefe. Abokiyar aikina ta ce, "Muniru, ka gaji, je ka sha kafe." Na tafi. Da na dawo na sake zubarwa. Daga baya na nemo bidiyon wani jawabi da na yi a taro, na kashe sautin na kalli kaina. Kafaɗata ta hagu tana ɗagawa tana sauka. Ban san tana yi ba.

Awon da kika tambaya akwai shi. Jini kaɗan ake ɗiba, a ƙirga tsawon abin nan da na ce miki. Wanda nasa ya kai arba'in, ciwon zai zo, ba makawa. Shekara goma sha huɗu ina aiki kusa da inda ake yinsa ban taɓa miƙa hannuna ba. Saboda shi ban yi aure ba, amma ban auna ba. A Maris aka ba ni sakamako. Arba'in da huɗu.

A satin ne na rubuta miki. Sau uku na gwada da bik, layukan na hawa suna gangarowa. Na san ke malama ce, kallo ɗaya za ki yi wa rubutun ki gane. Shi ya sa na buga. Ba raini ba ne. Wasiƙunki kuwa duk na karanta su a ranar da suka zo. Duk abin da kika faɗa na Yaya, buhunan ƙaiƙayi, ƙirga ashirin, kaina nake gani a kan katifar, sai in kasa taɓa wayar.

Sauran labarin gajere ne. A watan Yuni ɓerayen suka fara mutuwa. Sinadarin ya hana gudajin, amma ya cinye musu hanta. Mun canza shi iri shida, wanda bai taɓa hanta ba bai taɓa gudajin ba. An rufe aikin. Abin da ya rage takarda ce mai shafi goma sha ɗaya, da ke gaya wa masu zuwa kada su bi ta nan. Wannan ma ilimi ne, haka muke faɗa wa ɗalibai. Yanzu an ba ni tebur da ordinato, wasu ke riƙe kayan gwaji. Suna da kirki, har ya yi yawa. In na ɗauki kofi sai ɗakin ya yi tsit.

In kina son awon, zan nemi hanyar da za a yi miki shi, tare da likitan da zai zauna da ke kafin da bayan. In kin tsira, Kausar ta tsira. In ba ki tsira ba, babu abin da zan iya ba ki sai lambar. Ni dai da za a mayar da ni ranar da ban sani ba, da na koma.

Ki faɗa mini abu ɗaya, kada ki sassauta. Ya mutu yana jiran ƙunshina?

Yayanki,
Muniru

Kona, 25 ga Fabrairu 2024

Yaya Muniru,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Allah ya sassauta. An yi sadakar arba'in lafiya, baƙi sun watse. Na karanta wasiƙarka a bayan rumfar mai shayi a Tasawa, na rufe fuska da mayafi, har matar da ke kusa ta tambaye ni wa ya mutu. Ka yafe mini maganar sufeto.

Bai mutu yana jira ba. Wajen watan Nuwamba na dawo daga kasuwa na fara ba shi labarin iyaka, sai ya kama bakin zanena. Maganarsa ta riga ta lalace, sai da ya faɗa sau huɗu na gane. Ya ce, "Kadi, bar wahalar da kanki. Ba ki iya ƙarya ba tun kina ƙarama." Na ce tun yaushe ka sani? Ya ce tun azumi. Ya ce, "Ki ce wa ɗan Rayyanu ni na wuce. Ya yi wa yara." Ban isar maka ba don ina fushi. Yanzu na isar, ga shi kuma ka ce an rufe aikin. 'Ya'yansa biyar suna nan, babban ya ɗauki zabira.

Awon nan ka bar shi. Ba na so.

Ga abin da nake so. Kada ka tsaya sai Turawa sun kai ka gidan da ake ajiye marasa lafiya, inda ba mai kiran sunan babanka. Ɗakin Yaya na nan, an share, an yi sabon daɓe. Na yi jinyar Inna, na yi ta Yaya. Na san kaurin kunun, na san yadda ake riƙe haɓa. Ba abin da zan gani a jikinka da zai ba ni tsoro.

Amma tunda ka faɗa mini taka, ga tawa. Satin da ya wuce alli ya karye mini sau uku ina rubuta kwanan wata a allo. Na ce allin bana ne ba shi da kyau, kuma da gaske ba shi da kyau, sauran malamai ma na kuka da shi. Shekaranjiya da la'asar ina tsintar wake a faifai, sai na ji shiru. Na ɗaga kai, Kausar ce tsaye da littafinta, ba fuskata take kallo ba. Ta ajiye littafin, ta zo ta karɓi faifan a hannuna ta ce, "Inna, kawo in ƙarasa, ki huta." Ni ma da wannan kalmar na karɓe wa uwata faifai.

Mai yiwuwa gajiya ce. Kai ne lokotoro, amma kada ka amsa mini wannan.

Ka biyo ta inda hanya ta buɗe, ka sanar da ni ranar, zan tarbe ka a tashar Tasawa. Ka zo kafin damina, tun kana iya hawa mota da ƙafarka. Ban san wa zai riƙe wa wani cokali ba tsakanina da kai, amma ka zo.

Ƙanwarka,
Kadijatu